Masarar Iri a Turmin San Jon

Shekara biyu ke nan sama ta juya wa garin Lomba baya. Hadari zai taso daga teku, ya zo ya tsaya a kan dutsen Fogo kamar da gaske, sai ya wuce abinsa. Amma waliyyi San Jon ba ruwansa da fari, in ranarsa ta zo sai an yi masa biki. Nyo Baltazar, wanda tutar waliyyin take hannunsa bana, ya yanka akuyarsa ta ƙarshe, ya ciyar da gari da faten tsakin masara, tsululu, in ka leƙa kwanon kana ganin fuskarka. Ba wanda ya yi masa gori, don kowa ya san abin da ya baro a gidansa.

Nya Zulmira ko ɗanɗanawa ba ta yi ba. Ita ce mai waƙar turmi a Lomba, shekara arba'in da ɗaya. In mata uku sun kewaye turmi suna lugude, makaɗa na bin su da ganga, ita ke ba da waƙa: ta yabi mai tuta, ta caccaki marowata, ta kira sunayen matattu gida-gida. Abin da ya tsaya mata a wuya shi ne la'asar. Da la'asar Baltazar zai tsaya a ƙofar coci ya ɗaga tuta sau uku, wanda ya karɓa shi zai ciyar da gari baɗi. In ba wanda ya miƙa hannu, Fada, limamin cocin, zai naɗe ta ya kulle a akwati, shi ake kira binne tuta. Tana yarinya ta ga an yi haka a ƙauyen mahaifiyarta. Wai na shekara ɗaya ne. Makaɗan suka yi ta mutuwa, gangunan suka zama mazubin wake, yau ko baiti ɗaya ba mai iya kawowa. Ga muryarta ta fara tsagewa, kuma duk Lomba ba yarinyar da ta taɓa zama ta koya. Ita kanta Arminda, 'yarta da ta goya a bakin turmi, in an yi zancen sai ta taɓe baki ta ce ita yara biyu gare ta, ba waƙa suke ci ba.

Ta bar wurin cin abinci ta shiga gari. Ta fara da Nyo Kintinu mai kanti, wanda ya riƙe Arminda ranar baftisma, shi ya sa suke kiran juna kumpadre da kumadre.

"Kumpadre, kai kaɗai ka rage mai ƙofar katako a garin nan."

"To kumadre, ƙofar zan dafa musu?"

Ya ɗaga mata buhunan kantin ɗaya bayan ɗaya, duk iska. Sannan ya rage murya ya ce ya riga ya ba da sunansa, wata mai zuwa zai bi jirgi zuwa gonakin San Tome, kada ta gaya wa matarsa tukuna. Daga nan ta gangara wurin Nya Kandinya mai 'ya'ya uku a Amurka. Matar ta nuna mata wasiƙar ƙarshe, ta sha ninki har ta fara rabewa, ta ce tun Istan bara ba ta sake jin ɗuriyarsu ba. Zulmira ta bi gida tara a ranar nan, kan duwatsu masu ƙona tafin ƙafa. Ta yi roƙo, ta yi zagi, a wani gidan har ta durƙusa wa yaron da ta ga haihuwarsa. Kunya ta kama mutane, amma ba wanda ya ce to.

La'asar ta yi. Baltazar ya ɗaga tuta, jan ƙyalle da ya koɗe, da ɗinkin hannun mata da yawa a jikinsa. Kowa ya sunkuyar da kai yana kallon yatsun ƙafarsa. Ya sake ɗagawa. Sai zuciyar Zulmira ta tafi ƙarƙashin gadonta, inda tulun masarar iri yake, an cakuɗa da toka an liƙe bakin da laka. Ita da Arminda sun ci ganye, sun kwana da yunwa, ba su taɓa shi ba. Ta ce a ranta ai shekara na da tsawo: za su shuka, ruwa zai sauka, kafin San Jon na baɗi masara ta cika ɗaki.

Arminda na gefenta, ta karanta fuskar uwarta tsaf. Ta damƙe mata hannu.

"Mamai, kada ki kuskura."

Baltazar ya ɗaga na uku. Fada ya riga ya buɗe murfin akwati. Zulmira ta fizge hannunta, ta ratsa mutane, ta kama sandar tutar.

Ganguna suka ɓarke, mata suka yi guɗa, har Kintinu yana share ido. Daɗi ya rufe ta. Sai da ta ga maza huɗu sun cicciɓi babban turmi sun nufi hanyar gidanta sannan ta tuna da al'adar. A Lomba tuta ba ta shiga sabon gida shiru, ranar da aka karɓe ta ranar ake daka turmin farko, da masarar mai gidan. Sau arba'in da ɗaya ta yi waƙa a wannan dakan, amma kullum a ƙofar wasu, kan masarar wasu, shi ya sa abin ya kwanta mata. Ita da ke lissafin shekara, ashe ko awa ɗaya ba ta da ita.

A ƙofar gida Kintinu ya ja ta gefe. Ya ce a zuba ɓawo da totuwa a daka, ai ba mai tona mata asiri. Ta ce ita da ke gane ƙarar turmin da babu komai a ciki daga hayin kwari, San Jon ne ba zai gane ba? Ta shiga ɗaki. Arminda ta riga ta, ta jawo tulun ta zauna a kai.

"Tashi, 'yata."

"In ruwa ya sauka me za mu sa a ƙasa? Tuta?"

"Ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Amma in ta shiga akwatin nan ba za ta fito ba, na gani da idona."

Suka daɗe suna kallon juna, ganga na kira a waje. Arminda ta tashi, ta ce wa uwar to ta ɗauka, amma ranar da yaran suka tambaya uwar ce za ta ba su amsa. Ta juya fuskarta bango.

Zulmira ta fasa lakar da dutse. Ta sheƙe tokar, ta juye masarar a turmi, jawur, kowace ƙwaya ita ta zaɓe ta da hannunta. Aka yayyafa ruwa, taɓare uku suka fara sauka. Makaɗa suka buɗe mata hanya, ta ja numfashi, ta buɗe baki.

Ba abin da ya fito sai iska. Yinin roƙo da ƙishirwa sun cinye ɗan abin da ya rage. Ta yi kaki ta sake gwadawa, sai wani ƙara kamar na tsohuwar ƙofa. Makaɗa suka zagayo suka sake ba ta wuri. Taɓare ba su tsaya ba, ba a tsayar da lugude a tsakiya. Tana tsaye tana kallon irinta na farfashewa, ba waƙa, ba komai. Tsoro irin wanda ba ta taɓa ji ba ya kama ta, ta zauna a ƙasa.

Sai murya ta fito daga bakin ƙofa, da ƙarfi, da fushi, da kuka a cikinta. Arminda ce. Ta shiga daidai inda ganga ta bar wuri. Ta kira matattun gidan Baltazar, ta kira na gidan Kandinya, ta bi Lomba gida-gida ba ta tsallake ko jariri ba, har da karyewar murya da Zulmira ke yi a sunan mijinta. Da ta zo yabon mai tuta, ta dubi uwarta ido cikin ido, ta rera cewa ga Zulmira mai taurin kai, wadda ta ciyar da waliyyi da abincin jikokinta. Mata suka amsa, don haka ake yi, duk abin da mai waƙa ta faɗa sai an amsa.

Zulmira ta jawo tulun jikinta. Waƙar na tafiya daidai, ba kuskure ko ɗaya. Ta zura hannu tana laluben tokar da ta rage, ko ƙwaya ɗaya ta maƙale a gindi. Ta laluba har sau uku, ba ta samu ba.