Jirgin Garba a Ƙoramar Telwa

Ranar da kamiyon albasa ya sauke jirgin ruwa a ƙofar garajin Mato, har masu shayi sai da suka miƙe tsaye. A Agadez kuwa ba ƙaramin abu ke tada mai shayi ba. Jirgin ɗan ƙarami ne na farin ƙarfe, da inji a gindinsa, tun daga Yamai ya taho a kife bisa buhunan wofi.

Mai shi Garba ne, abokin Mato tun makarantar allo, mai lambu a ƙetaren ƙoramar Telwa. Telwa yashi ce kusan duk shekara, jakai ke birgima a cikinta. Amma in ruwa ya sauka a duwatsun Ayar, sai ta taso ja wur ta raba lambuna da gari, wani lokaci wuni, wani lokaci har kwana. A irin wannan rana ce matar Garba ta rasu tana kan gwiwa, mota na tsaye a wancan gefe, direba na kallonsu. Yanzu ga 'yarsa Zuwaira da cikin fari. Gidan mijinta na cikin gari dab da asibiti, amma haihuwar fari a gidan uba ake yinta, watan haihuwar kuma tsakiyar damina ne.

"Rezarbuwar esansinsa ta ruɓe," in ji Garba, yana nufin tankin fetur na jirgin. "Sabuwa za ka sa mini. In ruwa ya zo, in ƙetare da ita."

Mato ya zagaya jirgin, ya leƙa ƙarƙashinsa. Bai taɓa shiga ruwan da ya wuce idon sawu ba, amma fa in zancen rezarbuwa ne, kaf garin babu kamarsa. Direbobin hamada wurinsa suke zuwa. Kowa ya san dalili, ba mai faɗa. Ƙanensa Tijjani mai ne ya ƙare masa a hanyar Segedin, aka tsince shi a inuwar motarsa. Tun daga nan Mato ya rufe ɗakin Tijjani da ke cikin gidansa da kwaɗo, ya kuma daina yarda da ƙaramar rezarbuwa.

Ya ciro tsohuwar, ya ɗaga ta da yatsa biyu.

"Wannan ai buta ce."

"Ƙetaren bai fi jifa biyu ba, Mato."

"Kowa haka yake cewa kafin ya tashi."

Da ya cire ta sai ya ga abin da ya fi ɓata masa rai. Duk inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, an lafta wani baƙin danƙo, ya tsufa ya taurare. A garajin Mato, danƙo shaidar algus ne, abin da raggon makaniki ke rufe aibu da shi. Ya yi tsaki ya ce mutanen kogi ba su da tsoron Allah.

Ya zauna masa kuwa. Da safe ya kife jirgin a rana har danƙon ya yi laushi, ya bi shi da wuƙa, inda ta ƙi ya sa esansi da tsumma, a lungu ya sa tsinken waya. Hannunsa ya yi kanta, farcensa ya tsage. Bai tashi ba sai da jirgin ya yi fes kamar kwanon amarya, kana ɗaga shi kana hango rana ta tsakanin ƙusoshi. Matarsa Tabawa ta kawo masa fura, ta leƙa.

"Malam, ba nan ruwa zai bi ba?"

"Nan iska ke bi. Inji na son iska."

Ta ajiye kwanon ta koma.

Sannan ya yanka tano, wato gangar mai, ya liƙe shi da wuta, ya kwantar da shi tsakiyar jirgin, ya ɗaure da ƙarafa huɗu. Wurin zama ya rage na mutum ɗaya da rabi. Garba ya tambaya ina Zuwaira za ta kwanta, Mato ya ce ta jingina. Ya cika tanon fal daga aljihunsa, don bai iya sallamar abin hawa da rabin ciki ba. Man da ke ciki zai kai jirgin Libiya, in da akwai ruwa a hanya.

Gwaji ne ya gagara. Suka jira sama, cikin Zuwaira na ta girma.

Ruwan farko ya sauko wata Laraba da hantsi. Aka ɗora jirgin a amalanke, rabin unguwa na biye. Majiya ƙarfi shida suka tura shi bakin ƙorama, Mato ya shiga da rawaninsa ya ja igiya. Injin ya tashi tashi ɗaya, don aikin Mato ne. Jirgin ya yi gaba taku uku. Ruwa ya ɓullo ta kowace ƙusa, siriri, a natse, kamar ana tace koko. Daga nan jirgin ya zauna a ƙasa. Mato ya ci gaba da riƙe da sitiyarin injin, ruwa a ƙugunsa, yana duban gaba.

"Rezarbuwar dai ba ta yoyo," ya ce.

Ba wanda ya musa. Wasu sun fara dariya, sai suka ga Garba. Yana tsaye a bakin ruwan, idonsa na kan wancan gefe, kan dabinon gidansa. Tsoro ne a fuskarsa ƙarara, irin na wanda ya taɓa ganin abin da idonsa. Mato ya san wannan kallo, shi ma da shi yake duban hanyar arewa. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun da ya fara riƙe sufana.

Ya fito yana ɗiga, ya tsaya gefen abokinsa.

"Dole sai a gidanka za ta haihu?" in ji Mato.

"Gidan uba. Ka sani."

"To uban ya taso."

Garba ya juyo ya dube shi. Mato ya sa hannu a wuya, ya ciro wata igiyar fata da ta yi baƙi don gumi, da ɗan makulli a jikinta. Garba ya san na wane ɗaki ne. Ya ƙi miƙa hannu, sai da Mato ya kama tafinsa ya danƙa masa.

"Ku zauna kai da ita har a yi arba'in. Tabawa ta iya wankan jego." Ya share ruwa daga gemunsa. "Takalman Tijjani na bakin ƙofa. Ka matsar da su gefe, ni ban iya ba."