Ɗan Farin Salamatu a Gidan Rediyo

Salamatu tela ce a Mayahi, amma in ka tambaye ta sana'arta sai ta ce rubutu, ɗinki kuwa na neman hatsi ne. Tun da ta bar lakwal, wato makarantar boko, ba ta ajiye karatu ba. Littattafan soyayya da 'yan kasuwa ke shigowa da su, babu wanda bai ratsa hannunta ba, wasu har sun yi laushi kamar tsumma. Ta karanta, ta yi tsaki, ta ce ita ma za ta iya. Ta kuwa iya. Tsakanin rigar wannan da zanen waccan ta rubuta labarin wani makiyayi wanda fari ya koro daga Issawane.

To, ga inda gizo ke saƙar. Makiyayin nan sunansa Muttaka, sunan ɗanta na fari. Kowa ya san uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, amma kunyar Salamatu ta wuce ta kowa. Yaro ya girma, ya yi gemu, ya yi aure, yana kabu-kabu, bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Shi dai "kai" ne, ko "wancan". Sai dai takarda ba ta da kunne. A nan ta rubuta sunan son ranta, ta ji daɗi.

Malam Ƙadri, mai buga littattafai a Maradi, ya duba ya ce ba laifi, amma shi ba ya ɓarnar takarda kan abin da ba a nema ba. Ta karanta babin farko da bakinta a rediyon gari. In masu saurare sun bugo waya suna neman ci gaba, zai buga.

Ranar, Muttaka ne ya kai ta gidan rediyon a moto, babur ɗinsa na kabu-kabu, ya zauna kan benci bakin taga yana jira. Ɗakin ɗan ƙarami ne, taga a buɗe saboda zafi. Hawwa mai gabatarwa ta tura mata makirfo.

"Da damina ta ƙi," Salamatu ta fara, "sai... wancan ya koro shanu." Ta ci gaba. Wancan ya gamu da wani, wancan ya ce wa wancan. Haba! Ko mai labarin ba za ta gane ba.

Hawwa ta dafe makirfo ta raɗa mata, "Inna, wane wancan? Malam Ƙadri fa yana saurare."

Salamatu ta gwada sauya sunan da Isma'ila. Sai ta ji kamar baƙo ne ya faɗo mata cikin gida, ta kasa tafiya da shi. Ta san in aka tashi a haka, littafin ya koma ƙarƙashin keken ɗinki ke nan, sai dai gara da kyankyaso su karanta.

Sai ta iso wurin da uwar makiyayin ta biyo shi ƙofar gida yana shirin tafiya. Nan babu hanyar kewayewa, uwa ce ke kiran ɗanta. Salamatu ta rufe ido, ta buɗe murya.

"Muttaka!"

"Na'am, Inna!"

Daga taga amsar ta shigo, ta faɗa makirfo, duk Mayahi ta ji. Ga shi tsaye, hula a hannu, baki sake. Kunya ta kama Salamatu kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta dai sunkuyar da kai ta ƙarasa babin, sunan kuma ba ta sake tsallake shi ba. Ba ta rufe baki ba waya ta fara ruri. Cikin masu bugowa har da Malam Ƙadri, ya ce a kawo sauran, kuma a ci gaba da karantawa a rediyo.

Suka kama hanyar gida. Sai da suka wuce kasuwa Muttaka ya ce, bai waiwayo ba, "Inna, babi nawa ne littafin?"

"Da yawa."

"To, ni zan riƙa kawo ki."

Ta ga yana goge ido da bayan hannu, moto na karkacewa.

"Kai," ta ce, "dubi hanya."