Dariyar Maman Dudu

Duk inda Maman Dudu za ta, waƙar ta riga ta isa. In ta shiga motar haya tana ciki, in ta tsaya sayen zare tana tashi daga wayar mai shago. Har a shagon ɗinkin da take aiki 'yan koyo sukan kunna ta, sai sun ga ta shigo su rage murya suna sunne kai. Amshin ba wani abin a-zo-a-gani ba ne: mace in ta so ka hauka ce, in ta ƙi ka hauka ce. Abin da ya sa gari ya rikice shi ne abin da ke biyo bayan amshin, wata doguwar dariyar mace da take karyewa a ƙarshe ta koma kuka. Dariyar tata ce.

Ita ba ta ma tuna ranar da ta yi ta ba. Lokacin ciwon ya ci ƙarfinta, 'yarta Dudu tana rarrafe, an kulle ta a ɗaki ana jiran motar da za ta kai ta asibitin masu taɓin hankali. Mijinta na wancan lokacin, wanda yanzu ake kira Tauraro, maimakon ya shiga ya riƙe mata hannu, sai ya durƙusa ya tura wayarsa ta ƙasan ƙofa ya ɗauki muryarta. Ya sake ta tana gadon asibiti, ya kai Dudu wurin mahaifiyarsa, ya ajiye muryar shekara da shekaru, har ranar da ya rasa abin rerawa ya tuna da ita. Wai wannan ita ake kira basira.

Maman Dudu ta warke. Tana shan maganinta a kan lokaci, tana zuwa ganin likita, ta kama ɗaki ta sa ƙaramar katifa kusa da tata. Dudu kawai take nema a duniya. Amma duk zuwan da za ta yi, Hajiya, surukar tata ta da, sai ta bar ta ta ga yarinyar a tsaye, ta sallame ta da cewa a bari a ƙara ganin yadda jikin zai yi.

Ran nan da hantsi tana kan keken ɗinki Tauraro ya kira ta.

"Kamfani na so a sake ɗaukar waƙar don bidiyo," in ji shi, ko gaisuwa babu. "Tsohuwar muryar akwai ƙarar fanka a ciki, Injiniya ya ce ba ta gyaruwa. Mun gwada 'yan mata, ba wadda ta iya. Ki zo ki yi mana. In kin yi, yau ki tafi da Dudu."

"Ka rantse, Baban Dudu."

"Wallahi. Na riga na gaya wa Hajiya ta haɗa mata kaya."

Ta tsane shi har cikin ƙashinta, ta kuma tashi ta ɗauki jakarta.

Ɗakin da suka sa ta a situdiyo ƙarami ne, bangon duk soso, ba taga ba fanka, sai wani gilashi mai kauri da take hango su ta cikinsa. Injiniya, mutum mai tumbi da ke gaban na'urorin, ya sa mata abin sauraro a kunne ya kunna mata tsohuwar muryar tsirara, ba kiɗa. Sai yau ta ji cewa tsakanin dariyar sunan Dudu take ta kira. Sun yanke wannan daga waƙar, don ba ya tafiya da kiɗan.

Ta gwada. Injiniya ya girgiza kai. Ta sake gwadawa.

"Anti, wannan ai dariyar mai lafiya ce," ya ce mata ta cikin abin kunnen.

Tauraro ya matso bakin makirufo. "Ko za ki ɗan huta da shan maganin nan ki dawo mana wani satin?"

Suka bushe da dariya. Kunya ta rufe ta, amma ba ta bar ta ta hana ta tunani ba. Ta ce a sake kunna mata. Ta saurara kamar yadda take juya rigar da aka kawo mata samfuri: nan aka ja numfashi, nan aka sake shi, nan murya ta tsage. Injiniya ya ce ɗankwalinta yana goga abin kunnen, ta cire. Ya ce tsohuwar muryar daga ƙasa ta fito, ya sauke mata makirufon, ta durƙusa. Ya ce a waccan ana jin dukan ƙofa. Ta rufe ido, ta kai wa bango hannu.

Ta yi ta. Da hankalinta garau ta yi ta, tana lura da kowane numfashi, tana jijjiga kai, yawu na zubo mata, har ta kai wurin karyewar ta karya muryar daidai inda ya kamata. A ranta ma har ta ji ɗan alfahari, don ta san ta fi ta farko kyau.

Da ta buɗe ido, mutum huɗu ne a bayan gilashin. Hajiya tana tsaye riƙe da 'yar jakar kaya, Dudu na gefenta da sabon kitso. Ba wanda ya tuna ya kashe manyan lasifikokin lokacin da suka shigo, ko kuma an tuna.

Maman Dudu ta fizge abin kunnen ta fito da gudu, ta manta da ɗankwalin.

"Ga 'yarki nan," in ji Tauraro, yana miƙe ƙafa a kujera. "Ni ba na saɓa alkawari. Ɗauki abarki."

Ta durƙusa ta buɗe hannu. "Zo, Dudu. Zo mu tafi gida, na saya miki katifa."

Yarinyar ta ja da baya ta cusa fuska cikin zanen Hajiya. Uwar ta matsa ta taɓa mata kafaɗa, sai Dudu ta ƙwalla ihu kamar an ɗora mata garwashi.

"Kaka, ita ce ta cikin waƙar! Kar ki bar ni da ita!"

"Kin ce mini kin warke," in ji Hajiya a hankali. Ba faɗa a muryarta, tausayi ne, kuma shi ya fi ciwo.

"Hajiya, wallahi lafiyata ƙalau. Aiki ne suka sa ni. Baban Dudu, gaya musu kai ka sa ni. Injiniya, gaya musu!"

Tana magana tana ɗaga murya, gashi a tsaye, ido jajir, tana juyawa daga wannan zuwa wancan. Ta ji yadda take fitowa a idonsu, ta yi ƙoƙarin sassauta murya, ta ƙi sassautuwa. Tauraro ya ɗaga kafaɗa ya dubi mahaifiyarsa, irin kallon nan na kin dai gani da idonki. Hajiya ta saɓa Dudu a kafaɗa, duk da yarinyar ta wuce ɗauka, ta fita da ita da jakar.

Maman Dudu ta zauna a ƙasa nan bakin ƙofa. Kukan da ya zo mata ba na kwaikwayo ba ne, ba shi da tsari, ba ya kuma tsayawa. Injiniya ya kunna sabuwar muryar da suka ɗauka tun daga farko, Tauraro ya karkata kunne yana kaɗa ƙafa. Can Injiniya ya tsayar, ya juyo a kujerarsa.

"Anti, don Allah ɗan yi mana shiru," ya ce. "Muna so mu ji wurin kukan sosai."