Ranar da Na Tuƙa Inna a Jirgi Marar Inji

Jiya da dare wani mafarki ya zo mini, har yanzu ban gama fitowa daga cikinsa ba.

Na ga kaina a wani fili mai faɗi, da hantsi, ana ruwa. Sai dai ruwan daga ƙasa yake tsirowa yana tafiya sama. Ƙafafuna sun jiƙe sharkaf, hulata kuwa a bushe. A gefen filin akwai wani ofis na kwano, wani bunsuru na zaune a bayan tebur, ya sa tabarau, gemunsa a taje.

Ya ce, "Kai ne direban?"

Na ce, "Ni ne, ranka ya daɗe. Na ja tirela daga Fatakwal har Agadas."

"To yau jirgin sama za ka ja. Kawo lasin."

Na miƙa masa. Ya duba gaba, ya duba baya, ya cinye. Ya ce ya yi kyau.

Sai ga ni tsaye kusa da jirgin. Fari ne, siriri kamar kwalekwale, fukafukansa dogaye. Na zagaya shi ina neman inji, babu, ko tankin mai babu. Kujera biyu ce, ɗaya gaba ɗaya baya, da murfin gilashi. A ta bayan Inna ce zaune, mahaifiyata, wadda muka binne tun ban yi furfura ba. Tana nan da zanenta na saƙi, tana tauna goro.

Ta ce, "Kai, ka daɗe. A kai ni wancan ƙetaren. Kuma a bi a hankali, ina da jiri."

Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa tana kallon gefe, kamar yadda ta saba.

Na shiga kujerar gaba, bunsurun ya zo ya manna wata 'yar na'ura a gabana, ba ta fi kwalin ashana ba, da ƙananan fitilu a zagaye kamar lambobin agogo.

Ya ce, "Sama cike take da jirage. In wani ya nufo ka za ta yi kuka, fitila ta nuna maka ta inda yake. Amma 'yan'uwanta kaɗai take ji. Wanda ba shi da irinta, ko ya kashe tasa, ba ta san da zamansa ba. Ita ta saurara, kai ka duba." Ya sunkuyo, ya rage murya. "Ka lura da tsohuwar nan. Wanda ya faɗo daga wannan saman ba ya sake zuwa wa kowa, ko a mafarki."

Wasu mata suka kama wata doguwar igiya da ke ɗaure a jirgin suna ja kamar masu jan guga. Igiyar ta saki. Muna sama.

Na yi rayuwata cikin rurin inji, ban taɓa sanin akwai tafiya mai shiru haka ba. Iska kawai ke shafar gilashi. Ruwan da ke hawa ya tallafe mu daga ƙasa yana ɗaga mu. Wasu ungulaye na kewayawa a cikinsa ba sa ko kaɗa fiffike, na bi bayansu, babbarsu ta yi mana barka da hantsi. Can ƙasa na hango kogi yana hawa dutse. Sama da mu kuma taurari ne a shanye da rana tsaka, kamar an baza dawa a kan tabarma. Na ce Allahu Akbar, na ji Inna ta faɗa a bayana.

Na'urar ta yi kuka, fitila ja ta kama ta dama. Na waiga, ga wani jirgi, tunkiya ke tuƙi. Na kauce, ta ɗaga mini kofato. Can kuma ta sake kuka, ta hagu. Na duba, na gani, na kauce.

Abin ya shiga raina. Na yi yaran mota da yawa, ban taɓa samun mai kaifin wannan ba, ga shi ba ya gyangyaɗi, ba ya neman na abinci. Sai na sunkuyar da kai na zuba mata ido. Taurari na wucewa ban kalle su ba. Ita kuma ta yi shiru, ko fitila ɗaya ba ta kama ba.

Inna ta ce, "Kai."

Na ce, "Na'am, Inna."

"Ɗaga kanka."

"Hanya lafiya lau, Inna. Da akwai wani abu da ta faɗa."

"Wannan yaron, na ce ka ɗaga kai."

"Inna, abin nan ya fi ni gani. Ki kwantar da hankalinki."

Ni ne ɗanta na fari, ita kuma irin matan zamanin da ce: har ta koma ga Allah sunana bai taɓa fita daga bakinta ba. Ko ranar da na faɗa rijiya ina ƙarami, "wancan ya faɗa" ta ce wa maƙwabta. Na ji numfashinta a ƙeyata yana sauri, kamar mai ɗaga kaya mai nauyi.

"Haladu!"

Kaina ya ɗagu da kansa. Ga jirgi nan gaba da gaba, ya cika gilashin. Wani jaki ke ciki, ya naɗe tasa na'urar da tsumma ya tura ƙarƙashin kujera, yana ta hamma. Har ƙudan da ke kunnensa na gani. Na danna sandar tuƙi dama da duk ƙarfina. Jirginmu ya kwanta a gefe, taurari suka zube ta hagu, fiffikensa ya wuce ta kanmu yana shuu.

Na daidaita mu. Na dubi na'urar, tana nan shiru abinta, ba ta yi laifin komai ba.

Ƙetaren ya bayyana a gabanmu, kore shar, da itatuwan da inuwarsu ke samansu. Muka sauka a hankali, ciyawa na shafar cikin jirgin. Na buɗe murfin, na riƙe mata hannu ta fito. Hannunta da ɗumi.

Ta gyara lulluɓi, ta kau da kai. Ta ce, "Tsoho da kai, sai an sa mutum abin kunya."

Na ce, "Inna, ban ji da kyau ba, iska ta yi yawa. Don Allah sake faɗa."

Ta harare ni. Sannan ta tofar da goron, ta duba hagu da dama ko akwai mai ji, ta matso kusa da kunnena, ta buɗe baki.

Sai injin markaɗen maƙwabciyarmu Asabe ya tashi da ƙara a bayan katanga. Na buɗe ido, gari ya waye.