Cokali Na Takwas

Mutum bakwai Domicele take ciyarwa duk ranar Velines, ranar matattu, kuma a cikinsu babu wanda ya taɓa ce mata gishiri ya yi yawa. Akwai uwarta Morta da ubanta Jurgis, da surukanta biyu, da mijinta Alfonsas, da ƙanwarta Anele, sai jaririyarta da ta kwana uku a duniya ta koma. Da safe takan rubuta sunayensu a takarda ta kai wa Fada ya karanta a coci. Da yamma kuma ta yi girki, ta buɗe taga, ta kira su ɗaya bayan ɗaya su zo su ci. Na safen aikin coci ne. Na yamman ya girmi cocin nesa ba kusa ba, kuma kowa a ƙauyenmu ya san haka, ba dai mai faɗa a gaban Fada.

Sunan da ba ya cikin takardar shi ne na ɗanta Zenonas. Shekara goma sha huɗu ke nan da ya bar Lituwaniya ya tafi aikin jirgin kamun kifi a tekun arewa. Dogo ne, sai ya sunkuya yake shiga ƙofar uwarsa. Shekara biyu yana bugo waya duk ƙarshen wata, daga nan sai shiru. Ba gawa, ba wasiƙa, ba wanda ya ce ya gan shi ko da a mafarki.

Tun tana amarya surukarta ta koya mata abu biyu, ta riƙe su gam. Mamacin da ba a kira sunansa ba, ba ya tsallake bakin ƙofa, sai dai ya tsaya a waje jikin taga yana kallon 'yan'uwansa suna ci. Mai rai kuwa, in aka kira sunansa a wannan tebur, an haƙa masa kabari ke nan, ba zai ga wata Velines ɗin ba. Shekara goma sha biyu Domicele tana tsakanin waɗannan biyun. In ta kira Zenonas yana da rai, ta kashe shi da bakinta. In ta ƙi kiransa alhali ya mutu, ɗanta ne yake tsaye a cikin sanyi da yunwa duk shekara, ita kuma tana ciki tana zuba wa surukai miya.

Bana 'yarta Genute ta iso daga birnin Kaunas tun da hantsi, da buhun kyandirori na kanti, irin masu jan kwalba da murfin gwangwani.

"Ina yaran?" in ji Domicele.

"Sun gaji, Mama. Shekaranjiya suka yi nasu bikin. Sun fafe kabewa, sun shafe fuska da fari kamar ƙwarangwal, sun bi gida-gida suna karɓar alewa."

"Wato su yi shigar matattu su karɓe alewar, matattun gaske kuma su sha iska. Mu a zamaninmu mabarata muke ba burodi a ƙofar coci, mu faɗa musu suna, su yi wa mai sunan addu'a. Su naki wa suka yi wa addu'a?"

"Haba Mama, wasan yara ne fa."

"Kabewar an dafa?"

"An zubar."

"To, madalla."

Takardar sunayen tana kan tebur. Genute ta ɗauka ta karanta, duk da ta haddace ta. Ta ajiye, ta tura alƙalami gaban uwarta.

"Ki rubuta Zenonas bana, Mama. Don Allah."

"Kin ga gawarsa?"

"Ban gani ba. Amma wanda yake da rai ba ya shekara goma sha biyu bai nemi uwarsa ba."

"Ke ma kina yin wata uku ba ki neme ni ba, na rubuta ki?"

Domicele ta ninke takardar ta cusa a aljihun rigar sanyinta, maganar ta mutu a nan.

A ƙofar coci suka tarar da Fada Ignas yana karɓar takardu a kwando. Yaro ne a idon Domicele, don da ƙyar ya kai arba'in, amma tana son sa saboda ba ya jan huɗuba.

"Kaka Domicele, har yanzu bakwai ne?"

"Wani ya mutu min ne ban sani ba?"

Ya rage murya. "Kaka, Allah ya san ɓangaren da Zenonas yake. Ko kin rubuta shi, addu'a ba ta kashe mutum."

"Taka ba ta kisa, Fada, shi ya sa ba na tsoronta. Amma hannun da ya rubuta shi da safe, shi ne zai ajiye masa cokali da yamma."

"Ai na sha gaya miki, matattu addu'a suke bukata, ba kunu ba."

"Kai ma addu'a ce sana'arka, amma ban taɓa ganin ka mayar min da kununa ba."

Fada ya yi dariya ya jefa takardar a kwando. Da aka zo karanta sunaye, Domicele ta ji nata bakwai sun wuce ɗaya bayan ɗaya, sannan Fada ya ɗan ja numfashi kafin ya shiga na gidan gaba. Wannan ɗan shirun ya fi komai yi mata ciwo duk shekara.

Bayan azahar gari duka ya koma makabarta, wadda take kan tudun yashi a bakin daji. Motocin 'yan birni sun cika hanya, mata sun durƙusa suna share ganye suna lallashin yashin kaburbura da yatsu. A tsakiya tsoho Benediktas, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a gadin daji, ya hura babbar wuta. Tsofaffin gicciyen katako da suka ruɓe suka faɗi cikin shekara, su ake ƙonawa, don ba a jefar da su kuma ba a kai su murhun gida. An ce rayuka suna zuwa jin ɗumi. Fada ya zo ya yayyafa wa wutar ruwa mai tsarki, ya yi kamar bai san don wa aka hura ta ba.

"Domicele, tsohuwar budurwata!" in ji Benediktas. "Kin zo gaida abokin takarata? Ki gaya wa Alfonsas ya matsa, ina nan tafe."

"Tsohon banza. Kai da ko mutuwa ta ƙi ka saboda warin taba."

Genute ta bi kaburburan gidansu tana kunna kyandir, har bakwai. Ɗaya ya rage a hannunta. Ta tsaya tana juya shi, sannan ta nufi babban gicciyen bakin ƙofar makabarta, inda ake kunna wa waɗanda aka binne a nesa, irin waɗanda aka kwasa zuwa Siberiya ba su dawo ba. Ta durƙusa ta kunna. Domicele ta bi ta a baya da sandarta, ta sunkuya da ƙyar, ta cire murfin, ta matse wutar da yatsu biyu.

"Mama!"

"Ba a kunna wa mai rai."

"Ni ma yayana ne!" Muryar Genute ta fashe, mutane suka waiwayo. "Kowa yana da inda zai tsaya ya yi kuka, ni ba ni da shi. Kin hana shi mutuwa, kin hana shi hutawa, kin hana ni ma. In ya mutu fa, Mama? In shi ne yake tsaye a waje duk shekarun nan?"

Tambayar ba baƙuwa ba ce ga Domicele, da ita take kwana da ita take tashi. Yau kuma ga ta a bakin wani. Suka koma gida.

A wannan wata ƙarfe biyar duhu yake somawa. Genute ta fita rumfa ɗebo itace, Domicele ta shiga shirya tebur. Ta shimfiɗa farin ƙyallen da ba ya fitowa sai yau. Ta jera kunun hatsi mai tsami, da jar miya da busasshen naman kaza irin mai tsirowa a daji, da dankali, da baƙin burodi wanda aka gutsuttsura da hannu, don ba a ɗora wuƙa a teburin nan. Ruwan wanke-wanke ma a bokiti ta bar shi, ba a watsa ruwa waje yau kada a jiƙa baƙi a hanya. Ita da Genute ta ajiye musu cokulan ƙarfe na kullum. Sannan ta kwance tsumman da take ɗaure cokulan katako a ciki, waɗanda surukinta ya sassaƙa, ta zagaya tebur tana ajiye wa kowane mamaci nasa kusa da ɗan kwanonsa.

Genute ta shigo da itace a hannu, ta tsaya cak.

"Mama, wa ya ƙaru?"

"Wa zai ƙaru?"

"Takwas ne."

Domicele ta ƙirga da yatsa. Ta sake ƙirgawa daga ɗaya ɓangaren. Cokalin katako takwas, kwano takwas, na ƙarshen a gefen taga.

"Ke kika sa."

"Na rantse da ran 'ya'yana ban taɓa teburin nan ba. Ina waje, kin gani."

Ta gani kuwa. Shekara hamsin da wani abu tana wannan aikin, ko da ido rufe hannunta ya san adadin. Wannan hannun ne yau ya ɗauko takwas bai shawarce ta ba. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta ji ba ko ranar da aka shigo da Alfonsas a kwance. Ta ɗaga hannun ta dube shi kamar na wata.

"To ki ɗauke ɗaya mana," in ji Genute a hankali, ta kai hannu.

"Kul!" Domicele ta buge hannun. "Cokalin da ya taɓa farin ƙyallen nan ba ya tashi sai gari ya waye. Kin taɓa ganin an janye kwano daga gaban baƙo?"

"A bar shi haka nan, ba suna."

"Wurin da ba suna, duk mai yawo ne yake zama. Waɗanda suka nutse, waɗanda aka kashe a daji, waɗanda ba su da kowa. In an gama cin abinci zan sallami nawa da sunayensu. Shi da wane suna zan sallame shi? Zama zai yi."

Genute ta zube itacen a bakin murhu. Ita da take dariyar waɗannan abubuwa a Kaunas, yau ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ke nan sai an kira wani."

"Sai an kira."

"Mama, hannunki ya riga ya faɗa miki. Ki bar shi ya shigo."

Domicele ta kunna kyandir ɗaya a tsakiyar tebur, ta kashe lantarki. Ta buɗe ƙofa kaɗan, ta tura ɓangare ɗaya na tagar. Sanyi ya shigo da ƙanshin jiƙaƙƙen ganye da hayaƙin wutar makabarta. Suka yi addu'ar da Ubangiji ya koyar, suka yi alamar gicciye, sannan ta ɗauki ludayi ta koma ga addu'ar da ba a coci aka koya mata ba.

"Ku namu, da kuka gina gidan nan, kuka nome gonar nan, ku zo ku ci abin da Allah ya hore. Jurgis, Babana, zo ka ci."

Ta zuba kunu a kwanon farko.

"Morta, Mamata, zo ki ci."

Haka ta bi su. Surukai, da Alfonsas wanda ta ƙara wa giya a ƙaramin kofi, da Anele, da jaririyar da ta ɗiga wa madara. Duk sunan da ta kira, harshen kyandir sai ya kwanta ya miƙe. Iska ce, kowa ya san iska ce. Ta iso kwano na takwas ta tsaya.

A ɓangaren tagar da yake rufe, can sama, daidai inda fuskar dogon mutum za ta kai, gilashin ya yi hazo kamar an hura masa numfashi. Hazon ya ragu, ya sake dawowa. Domicele ba ta tambayi Genute ko ta gani ba, don ta ji yadda 'yar ta damƙe bakin tebur.

Sunan yana bakinta. Ita ta zaɓa masa shi, ta kira shi da shi daga bakin rafi, daga cikin daji, daga barci. Ta buɗe baki. Sai ta tuna cewa ana iya samun wani dogon mutum mai furfura a wani gari mai nisa, wanda kunya ta hana shi bugo waya, yana zaune yanzu haka yana cin abincinsa, bai san uwarsa tana shirin haƙa masa rami ba.

Ta zuba kunun a kwanon.

"Domicele," ta ce, da muryar da ta kira sauran, "'yar Jurgis da Morta, zo ki ci."

"Mama! Me kika yi? Ki janye! Ki ce kuskure ne!"

Domicele ta ture cokalinta na ƙarfe gefe. Ta zagaya tebur tana dafa kujeru, ta zauna a gefen taga, bayanta ga gilashin, ta ɗauki cokalin katakon. Genute tana kuka tana jijjiga kafaɗarta, ita kuwa ta kai kunun baki ta haɗiye.

"Zauna, 'yar nan, kada ki tsorata baƙi. In yana da rai, ban taɓa shi ba. In kuma shi ne a waje, dole wani ya fita ya taho da shi." Ta sake ɗebo kunu. "Baɗi ki fito da takwas, kada ki ƙara. In na same shi a can zan riƙo hannunsa mu shigo tare. Cokali ɗaya ya ishe mu, da shi na ciyar da shi yana ƙarami."