Ɓeran Turai da ƙwan lantarki

Kwana shida ke nan Turai ba ta yi barcin kirki ba. Duk bayan awa biyu sai ta leƙa dogon akwatin katako da ke lungun ɗakinta a Rafin Guza, ta rubuta inda ɓeran da ta ajiye a ciki ya kwanta. Gefe ɗaya na akwatin ƙwan lantarki ne mai aiki da batir yake ɗumama shi, ɗaya gefen kuwa jiƙaƙƙen buhu ke sanyaya shi. Binciken kammala digirinta ke nan, kuma malaminta ya ce kwana bakwai a jere yake so, ko awa ɗaya aka katse a soma daga fari. Saura kwana tara a rufe karɓar aikin.

'Yan layinsu sun sa mata suna Dakta Ɓera. Ita kuwa ko kallo ba su ishe ta ba.

Rana ta shida, bayan azahar, barci ya sace ta a zaune. Da ta zabura, la'asar ta wuce. Ƙwan a kashe yake, an lulluɓe akwatin da jiƙaƙƙen zane.

"Umma! Wa ya taɓa min akwati?"

Mahaifiyarta na tsakar gida tana tsince shinkafa. "Ni ce. Zafin nan da ko mutum ba ya iya numfashi, ki gasa halittar Allah da wuta? Ba za a ɗauki alhaki a gidana ba."

"Umma, shi ya kai kansa wurin!"

"Ya faɗa miki?"

"Da rana jikinsa sanyi yake yi in yana barci, sai ya nemi ɗumi. Da dare in ya tashi jikinsa ya yi zafi, ya koma wajen buhun. Abin da nake ta rubutawa ke nan!"

"To. Boko ya kai ki har kin san zuciyar ɓera."

Turai ta kasa zama, ta kasa tsayawa. Ta shiga ɗaki, ta fito, ta sake shiga. Sai ta yaye zanen, ta kunna ƙwan, ta riƙo hannun Umma ta zaunar da ita a bakin gado.

Suka zuba wa akwatin ido. Can ɓeran ya ɗaga hanci, ya ja jiki a hankali har gindin ƙwan, ya dunƙule.

"Ikon Allah," in ji Umma. "Da ƙafarsa." Ta gyara zama. "Yanzu kwana shidan nan fa?"

"Sun tafi."

"Ai ba wanda ya gani, ki cike gurbin mana."

"Ni na gani."

Turai ta buɗe sabon shafi, idanunta jajur, ta rubuta rana ta ɗaya. Umma ta miƙe tana kakkaɓe zane.

"Ƙarfe nawa zan tashe ki?"

"Shida, Umma. Kafin magariba."