Laccar Bakin Kanal

Tun da jami'a ta mayar da rabin darussa kan intanet, Dakta Mansura ta daina ganin fuskokin ɗalibanta. Noman rani take koyarwa. Takan zauna a ofis gaban kwamfuta, ta ɗora hotunan gonaki a manhajar karatu ta yi ta bayani, ɗalibai kuwa sunaye ne kawai a jere a gefen allo, kowa ya rufe kyamararsa don kada data ta ƙare. In ta yi tambaya sai shiru, can wani ya rubuto, "Mun gane, Malama."

Ba haka aka koya mata ba. A zamaninsu Farfesa Badamasi ne ke da darasin. Da zarar alkama ta fara fitowa sai ya loda su a tsohuwar bas ɗin tsangaya su nufi gonakin rani na Kadawa. Bas ɗin kan mutu kafin a kai Kura, maza su sauka su tura, mata na ciki suna dariya. A gona kowa sai ya cire takalmi, don Farfesa ya ce wanda bai taka laka ba bai zo aji ba. Da yamma su dawo ƙafa duk taɓo, da tumatur ɗin da manoma suka ba su. Yanzu ɗalibai sun fi ƙarfin mota ɗaya, bas ɗin ma ta daɗe a jibge ba taya.

Da aka zo darasin ban ruwa, Mansura ta ga ba za ta iya yinsa da hotuna ba. Ta nemi lambar Farfesa, wanda ya yi ritaya ya koma garinsu Bunkure, ta roƙe shi ya yi wa ɗalibanta lacca daga gona. Ya ce ta zo.

Ta same shi da hantsi a bakin kanal, babbar magudanar da ke kai ruwa gonaki, kusa da gonarsa ta albasa. Ya rame, gemu ya yi fari, ido ya yi rauni. Sai da ta yi sallama ya gane muryarta.

"Mansura 'yar Kura. To ina ɗaliban?"

"Suna cikin wayar nan, Malam."

"Dukansu?"

"Waɗanda suka samu sabis dai."

Ta kafa wayar a kan ƙarfe mai ƙafa uku, ta gabatar da shi. Farfesa ya gyara hula ya fara magana a ɗarare, kamar mai karanta sanarwa. Bai yi nisa ba ya tsaya.

"Ni fa ban iya magana da wanda ban gani ba," in ji shi.

Mansura ta roƙi ɗaliban su buɗe kyamara ko na ɗan lokaci ne. Sai fuska ɗaya ta fito, wata matashiya zaune a tabarma da jariri a cinya. Sunanta Zuliha, a Garun Mallam take aure. Sai wani mai suna Mika'ilu, yana tsaye a shagon yayansa a Kumbotso, buhunan taki a bayansa. Sauran suka bi sahu, wani a cikin mota, wata a tsakar gida. Mansura ta jima tana kallonsu. Zangon karatu ya kusa ƙarewa, sai ranar ta san Zuliha na da goyo.

Farfesa ya kawo fuskarsa dab da wayar, yana tambayar kowa sunansa da garinsu. Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya naɗe ƙafar wando, ya ɗauki lanƙwasasshen bututun da ake janyo ruwa da shi daga kanal zuwa gona. Ya nitsar da shi, ya toshe baki ɗaya da tafin hannu, ya fizgo shi ya kwantar, ruwa ya ɓalle cikin kunyoyin albasa. Yana yi yana bayani, yana tsokanar Mika'ilu cewa mai sayar da taki ya kamata ya san inda takin ke zuwa.

Ana cikin haka sabis ya ɗauke. Fuskokin suka daskare, suka ɓace. Mansura ta buɗe baki za ta faɗa masa, sai ta fasa. Ta danna ɗaukar bidiyo, ta zauna a kan gaɓar kanal tana saurare. Muryar tana nan yadda ta san ta, har da ɗan tarin da yake yi kafin ya faɗi abu mai muhimmanci.

Da ya gama ya ce, "Akwai mai tambaya?"

"Malam, sabis ya yanke tun ɗazu. Ni kaɗai ce. Amma na ɗauka, zan ɗora musu."

Ya yi dariya har da riƙe gwiwa. "To ke ba ki da tambaya?"

Tana da ita, kuma ta yi.

Bidiyon ya karɓu. Ɗalibai suka cika manhajar da tambayoyi, tsangaya ta nemi a ƙara wasu. Mansura ta riƙa zuwa Bunkure ran Asabar har aka yanke alkama. In sun gama ɗauka, Farfesa ba ya son ta tafi da wuri. Sai ya hau tambayar 'yan ajin su Mansura, ina wane, ina wance, ina dogon nan Sunusi da ya faɗa kanal.

Ta sanar a zauren wasaf na 'yan ajin cewa Farfesa na cigiyarsu, saƙonnin murya suka yi ta shigowa daga Gombe, daga Abuja, har daga Sudan. Ranar zuwanta na ƙarshe ta kunna masa su a gindin mangwaro. Ya sunkuyar da kai yana ji, yana faɗin sunan kowa kafin mai maganar ya faɗa. Biyu ne kawai suka shige masa duhu. Da aka zo kan na Sunusi, wanda yanzu jikoki gare shi, Farfesa ya ɗaga hannu.

"Maimaita mini wannan," in ji shi. Ta maimaita.